Kai yara Gidan Zoo daga ƙauye: amsa ga wata uwa

Tambaya ta zo daga wata baiwar Allah da ke zaune a wani ƙauye bayan Ringim. Ta ce maigidanta ya yarda ta kai yara Kano yawon Sallah, su shiga Gidan Zoo su ga namun daji, su hau lilo. Yara 9 ne: uku nata, uku na abokiyar zamanta, uku na ƙanin maigidan. Babbarsu shekararta 13, ƙaraminsu yana goye. Ita da ƙanwarta ne za su yi rakiyar, kuma babu wadda ta taɓa shiga wurin a cikinsu. Tana tambayar ranar da ta fi dacewa, da abin da za ta riƙe, da yadda za ta yi kada yaro ya ɓace mata, don wannan ne ke hana ta barci.

Ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri da wannan niyya. Na yi shekara fiye da 20 ina koyarwa a firamaren karkara, kuma kai yara birni ziyara na cikin ayyukan da aka fi ɗora mini, tun ina ƙaramar malama har na riƙe makaranta. Zan gaya miki abin da zan gaya wa wadda muka fito ciki ɗaya, ko da farkonsa ba zai yi miki daɗi ba.

Ki kai su, don gani ya kori ji. Amma ba ranar Sallah ba, ba washegari ba, ba kuma ranar da ke bi mata ba. A kwanakin nan kamar duk Kano da ƙauyukanta sun yi alƙawarin haɗuwa a ƙofa ɗaya ne. Tun daga layin yankan tikiti ake turereniya, a ciki kuma yaron da kansa bai wuce ƙugunki ba babu abin da zai gani sai zannuwa da ƙafafun mutane da ƙura. Ke da kika biya kuɗi don ya ga zaki, sai ki dawo da shi bai ga komai ba sai gajiya. A shekarar da aka yi hawa, akwai Hawan Daushe da Hawan Nassarawa a kwanakin da ke bin Sallah, ana tare wasu tituna, kuɗin mota da na adaidaita sahu ya tashi. Ga rana: a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa a watan Maris, Babba kuma a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, lokacin da zafin Kano kan taɓa maki 40 har ya gota. Ki bari a yi mako ɗaya ko biyu da Sallah, ki zaɓi Talata ko Laraba. Kayan Sallarsu ba za su tsufa a kwana goma ba. Juma'a ki bar ta saboda cunkoson masallatai, Asabar da Lahadi kuma sun fi cika. In da za ki iya jira ma, babu lokacin da na fi so kamar bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa farkon Nuwamba: ciyawa da sauran ɗanyenta, hazo bai sauko ba, amfanin gona ya shigo gida, akwai ɗan abin kashewa a hannu.

Yanzu ga maganar ɓata, wadda ita ce zuciyar tambayarki. Ki fahimci abu ɗaya. A ƙauye ba ke kaɗai ke riƙon ɗanki ba, gari ne ke riƙe da shi. In ya fita da safe ba kya bin sa, domin mai shago ya san ɗan gidan wane ne, mai faci ya sani, tsohuwar da ke sayar da daddawa ta san har kakarsa. In ya yi nisa wani zai kamo hannunsa ya dawo da shi. Yaron ya tashi da wannan sakin jiki, ke ma haka, ba ki ma san kina da shi ba. Da kun sauka a tasha a Kano, duk waɗannan idanun kun baro su a gida. Yaran ƙauye ba wauta ke ɓatar da su a birni ba, sabo ne da wurin da kowa ya san su. Duk shirin da zan lissafa miki ƙoƙari ne na cike gurbin idanun nan da kuka baro.

Ni kaina sai da na ɗanɗana na gane. Wata shekara na kai 'yan aji uku wani wurin wasan yara a birni. Muka tashi daga inuwa za mu koma wajen lilo, ban ƙirga su ba, don a ganina taku ashirin ne kawai. Da muka isa na ƙirga, babu ɗaya. Yarinya ce 'yar shekara 7, mai shiru-shiru, wadda ba ta taɓa ba ni wahala ba. Har yau ina tuna yadda gwiwoyina suka saki. Mun kusa minti 20 muna nema kafin muka same ta a bakin ƙofa, wata mai tuyar awara ta zaunar da ita kan benci, ta ba ta guda biyu a takarda. Ba ta ci ba, ta dunƙule su a hannu har mai ya jiƙa takardar. Ashe wata mata ta bi mai hijabi ruwan toka irin nawa, ta riƙe gefen hijabin har ƙofa, sai da matar ta waiwayo ta ga ba fuskata ba ce. Mai awarar, Allah ya saka mata, ta ce mini ta tambaye ta sunan babanta, ta ce Baba. Sunan garinsu, ta ce gidanmu na kusa da rijiya. Sunan wadda ta kawo ta, ta ce Malama. Laifin nawa ne, ba na yarinyar ba, kuma tun daga ranar ban sake ɗaga yara daga wuri zuwa wuri ba tare da ƙirga ba, ko da taku biyar ne.

Kin ga inda alkunyarmu ke zama cikas. Mun koya wa 'ya'yanmu kada su kama sunan uba ko na uwa, wasu ma sunan yankansu ba su sani ba sai laƙabin da ake kiran su da shi a gida. Tarbiyya ce mai kyau, ban ce a bari ba. Amma mako guda kafin tafiya ki zaunar da su kowane dare bayan cin tuwo, kowa ya faɗi sunansa na yanka, da cikakken sunan mahaifinsa, da sunan ƙauyenku, da ƙaramar hukuma, da sunanki na gaskiya. Ki gaya musu ranar an yafe musu kunya. A wurin da mata ɗari ke amsa Umma ko Inna, yaron da ke kuka yana kiran Umma bai kira kowa ba. Manyan su haddace lambar waya ɗaya. Duk da haka kada ki dogara da hadda, tsoro yana goge ta. Ki rubuta wa kowane yaro takarda: sunansa, sunan uba, gari, lambobin waya biyu, taki da ta wani da ya zauna a gida. Ki naɗe ta a 'yar leda ki maƙale da fil a cikin aljihu ko cikin riga. Ƙananan kuma ki rubuta musu lambar da biro a damtse. Da safe kafin ku hau mota a ɗauki kowa hoto a waya da kayan da ke jikinsa, domin uwa a ruɗe takan manta launin rigar da ita ta sa wa ɗanta da hannunta.

Sai doka ɗaya, wadda za su maimaita har ta zauna: in ka duba ba ka gan mu ba, tsaya cak a inda kake. Kada ka neme mu, mu za mu neme ka. Yaro mai tafiya yana neman uwarsa, uwar tana tafiya tana neman sa, sai su yi ta saɓani. In zai yi wa wani magana, ya nemi ma'aikacin wurin mai kayan aiki, ko mace mai yara. Kada ya bi kowa zuwa waje, ko an ce masa ke kika aiko, ko an ba shi alewa. Na san abin da ke ranki, don dukkanmu mun tuna yaran Kano da 'yan sanda suka gano a Onitsha a 2019 bayan an sace su. Daga unguwanninsu aka ɗauke su, ba daga wurin shaƙatawa ba, amma tun lokacin babu uwar da ta ƙara sakin jiki, kuma da gaskiyarmu. Ki faɗa wa yaran dokar ba tare da kin firgita su ba. Yaron da aka cika wa ciki da tsoro ba zai more komai ba.

Maganar 'yan rakiya kuma, ku biyu kun yi kaɗan. Mai goyo a lissafina rabin mutum ce, domin hannunta da hankalinta na kan na baya. 'Yar shekara 13 kuwa yarinya ce da ta zo kallo, ba mai raino ba; in kika ɗora mata ƙannenta uku, ita ba ta gani ba, su ba su tsaru ba, kuma in wani abu ya faru ta ɗauki laifin da ba nata ba har girmanta. Ita ma tana buƙatar ido a kanta, don a irin wuraren nan ba a rasa samari masu tare 'yan mata. Ƙa'idata ita ce babba ɗaya ga yara uku in ba su kai shekara 7 ba, babba ɗaya ga biyar in sun wuce. Ki nemi mutum biyu su ƙaru, ɗaya ya zama namiji, maigidan da kansa ko ƙaninsa, don cinikin mota da layin tikiti da tsayawa bakin ƙofa in ta kama. In hakan ba ta samu ba, ki raba tafiyar biyu, a kai manya yanzu, ƙanana wani jiƙon. A raba yaran tun daga gida, kowane babba ya san nasa da suna. Kada a ce mu duka muna kula da su duka. Nan ne kowa ke zaton yaron na wajen ɗan'uwansa.

Shida daga cikin yaran nan amana ce a hannunki. Ki zauna da iyayensu mata ki tambaye su dalla-dalla: akwai mai sikila? Mai asma? Mai farfaɗiya? Mai amai a mota? Mai sikila rashin ruwa a jiki da gajiya da zafi kan tayar masa da ciwo, don haka shi za ki fi ɗura wa ruwa, ki fi zaunarwa a inuwa, maganinsa na jakarki. Mai asma kada a baro abin shaƙarsa. Wanda ya kwana da zazzaɓi ko gudawa a bar shi gida ko zai yi kukan jini, a yi masa alƙawarin wata tafiya, a kuma cika.

Ku yi sammako. Kowa ya yi sammako ya huta da rana. Daga wajenku ta Gezawa za ku shigo, ku sauka Yankaba, daga nan kuma sai kun ratsa gari kafin ku kai Titin Gidan Zoo. Da yara 9, abin da ya fi shi ne ku yi shatar mota ɗaya tun daga gida, direban da kuka sani, ya kai ku har ƙofa ya jira ku ko ya dawo a lokacin da kuka yanka. Zai fi tsada a baki, amma in kika haɗa kuɗin adaidaita uku zuwa da dawowa, da fargabar rabuwa a tsakiyar gari, za ki ga ba asara ba ce. In dole sai adaidaita, kowace a sa babba a ciki, yara a tsakiya ba a baki ba, kowa ya san sunan inda za a sauka. A daren tafiya a kwanta da wuri. Karin safe ya zama mara nauyi, koko ko shayi da burodi, a bar mai maiƙo, a riƙe leda da tsumma saboda amai. Kada kowa ya sa sabon takalmi. Na ga yara da yawa da takalmin Sallah ya ci musu dunduniya tun kafin su kai kejin farko, suka ƙare yinin da takalmi a hannu a kan ƙasa mai ƙuna. Tsohon silifas da ƙafa ta saba da shi ya fi.

Abinci ki dafo daga gida. Shinkafa da wake da mai da yaji, ko dafa-duka, ko dambu, a zuba a kula. Dafaffen ƙwai, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, lemon ɓawo. Fura da nono da kunu ba sa jure yini a zafi, a bar su. Yankakkiyar kankana ko abarba da ta wuni a buɗe, da ƙanƙarar da ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, su ne ke mayar da yawon daɗi kwanan asibiti. Ruwa kuwa ya fi komai. Ki yi wa kowane yaro tanadin aƙalla lita ɗaya da rabi, wato ruwan leda uku, ki ƙara na wanke hannu. Kada ki jira su ce ƙishirwa, yaro mai kallo ba ya tunawa. Duk inda aka zauna a zagaya da ruwa. Na goye in bai kai wata 6 ba nono kawai za ki yawaita ba shi, ki riƙa sauke shi a inuwa ya sha iska, don goyo ƙarƙashin hijabi a rana tanda ne. Sai tabarma ko ledar shimfiɗa, buta, sabulu, kayan canji na ƙananan, filasta, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda biyu ko uku. In babu, ki haɗa da kanki: ruwan leda biyu lita ɗaya ke nan, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Yaron da ya fara jiri, ko ciwon kai, ko leɓensa ya bushe, ko ya yi lakwas ya daina surutu, a kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a shafe shi da ruwa, a riƙa ba shi yana kurɓa kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu, ko ya suma, ko jikinsa ya yi zafi rau, ba wurin dabara ba ne, asibiti za a nufa; Asibitin Malam Aminu Kano na kan Titin Zariya, ba nisa daga wurin.

Kuɗin shiga ba shi ne babban kashe ba, mota ce da ciye-ciye da lilo. Ki sa wani naku da ke Kano ya leƙa kwana biyu kafin tafiya ya tambayo na babba da na yaro da lokacin buɗewa. Ki riƙe tsabar kuɗi da canji, ki raba gida biyu, rabi a jikinki rabi wajen wani. Waya ta zauna a jaka in ba hoto za a ɗauka ba.

Da kun shiga, kada ku ruga wajen zaki. Ku tsaya ku tambayi inda banɗaki yake da wurin sallah. Ku zaɓi bishiya ɗaya mai inuwa kusa da wata alama da ba ta ɓacewa, a shimfiɗa tabarma, a ce wa yara nan ne gidanmu na yau. Babba ɗaya ya zauna da kaya da na goye, sauran su zaga, a riƙa karɓar juna. Banɗaki ba a tura yaro shi kaɗai, ko namiji ne.

Wurin nan yana da tarihin da ya kamata yaran su ji, don nasu ne. Marigayi Audu Bako, kwamishinan 'yan sanda da ya zama gwamnan Jihar Kano na farko daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina shi a farkon shekarun 1970, sunansa kuma wurin ke amsawa. Shi ne dai mai madatsun ruwan Tiga da Bagauda. A lokacin Ringim da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse duk Jihar Kano ne, sai a 1991 aka yanki Jigawa. Ki gaya musu da harajin kakanninsu aka yi shi, kada su shiga suna raɓe-raɓe kamar baƙi.

Ku fara da manyan namun daji tun da sanyin safiya. Zaki yakan kwashe mafi yawan yininsa a kwance, har awa 18 ko 20, in rana ta take sai dai ku ga wutsiya a lungu. Ki gaya musu a duk Najeriya zakin da ya rage a daji sai a Yankari ta Jihar Bauchi da dajin Kainji, shi ma kaɗan. Kuma don Allah kada ki yi gaggawa. Kuskuren manya ke nan: sun biya kuɗi, dole a ga komai, sai a yi ta jan yara daga keji zuwa keji kamar ana kora awaki. Yaro ya tsaya minti goma gaban dabba ɗaya ya fi ya wuce ashirin a guje. 'Ya'yanmu na karkara suna da idon da yaran birni ba su da shi, don da dabba suka tashi. Wani ɗalibina da ke kiwo kafin ya zo makaranta ya taɓa tsugunawa gaban barewa ya ƙi tashi, can ya ce, Malama, tana tuƙa kamar akuya, kofatonta ma a rabe yake, ashe 'yar'uwarsu ce. Abin da zan kwashe mako ina koyarwa a allo, ya gano shi da kansa. Ki riƙa jefa musu tambaya maimakon ba su amsa. A gaban kura, su dubi ƙafafun gaba da na baya, waɗanne suka fi tsawo? Ga kurar Gizo da Ƙoƙi da suke ji kullum a tatsuniya, yau ga ta, ga warinta, ga muƙamuƙin da ke fasa ƙashi. A gaban kada, me ya sa ya hangame baki ya yi shiru kamar gunki? Zafi yake fitarwa. A gaban jimina su ƙirga yatsun ƙafarta: biyu ne kacal. Ita ce mafi girman tsuntsaye a duniya, ba ta tashi sama, amma tana gudun da ya kai kilomita 70 a awa, ƙwanta ɗaya ya fi na kaza 20. Da gashinta ake yin figini, wato maficin sarauta, da takalman Sarkin Kano, al'adar da ake danganta ta da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Yaron da ya ji wannan a gaban jimina ba zai manta da Rumfa ba ko a jarrabawa.

Inda za ki ɗaure fuska shi ne wajen shinge. Ba a zura hannu, ba a hawa ƙarfe, ba a ɗaga yaro a ɗora shi kan katangar kada don ya gani da kyau, ba a jifa, ba a tsokana da kara. Birai su suka fi yaudarar yara, don suna kama da abin wasa, alhali hannunsu ya fi ido sauri: su fizge gyale, su fizge yatsa. Jimina ma tana saran abu mai ƙyalli, ɗan kunne ko fil ɗin hijabi, a ja baya da ita. Kada a ba dabba biskit ko alewa, cuta ce gare ta. In tsautsayi ya sa biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a sanar da ma'aikata, a tafi asibiti a ranar don a duba batun allurar haukan kare da ta sarƙewar haƙora, ko da ciwon bai fi ƙwayar gero ba. Kafin cin abinci kowa ya wanke hannu da sabulu, don sun taɓa shinge da ƙasa.

Wajen ƙarfe 12 ku koma tabarma. A ci abinci, a yi Azahar, a bar ƙanana su yi barci. Ki bar su su yi birgima a ƙasa su yi guje-guje a inda idonki ke kai wa. Ba kowane minti ne sai an nuna musu wani abu ba. Lilo sai rana ta ɗan yi sanyi, don abin zamiya na ƙarfe da ya sha rana yana ƙona cinya. Kafin ki sa yaro a abin hawa mai juyawa, ki tsaya ki kalli zagaye ɗaya: akwai abin ɗaurewa? Mai kula da shi yana kallon yaran ko yana kallon waya? An cusa yara fiye da kujeru? In ranki bai kwanta ba, ki wuce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A tattare hijabi da gyale a soke su, kada su shiga ƙarfe. Wanda ya ce yana tsoro kada a tilasta shi, kada kuma a yi masa dariya.

Nan kuma ga wata magana tsakanina da ke. Tun a gida ki yanke abin da kowa zai samu, misali hawa ɗaya da askirim ɗaya, ki faɗa a gaban kowa, ki tsaya a kai. Abin da kika saya wa naki, ki saya wa na abokiyar zamanki da na ƙanin mijinki, iri ɗaya, a lokaci ɗaya. Yara ba sa manta wanda aka ba babba da wanda aka ba ƙarami, kuma da shi za su fara ba da labari kafin su ambaci zaki. Tafiya irin wannan tana iya ɗinke gida, tana kuma iya ɓarka shi a kan balan-balan ɗaya.

In duk da haka aka ƙirga aka ga babu ɗaya, kada a watse. Babba ɗaya ya zaunar da sauran a ƙasa, kada ya motsa. Namijin ya ruga ƙofa ya tsaya, ya nuna wa masu gadi hoton. Ke kuma ki fara duba inda akwai ruwa, sannan inda yaron ya nace yana son komawa. Kada kunya ta sa ki yi ta nema a ɓoye. Ki ɗaga murya ki faɗi kamanni, ba suna kaɗai ba: yaro ɗan shekara 5, shuɗiyar riga, farar hula! Nan take idanu hamsin za su taya ki. A sanar da ofishin wurin da 'yan sandan da ke kusa tun a mintunan farko, lambar gaggawa kuma 112 ce. In an gan shi, ki rungume shi, kada ki dake shi. Wanda aka daka don ya ɓata, wani karon ɓuya zai yi don tsoron duka.

Kada ki haɗa tafiyar da sayayya a Kwari ko Kurmi, ko kai gaisuwa gida uku. Gidan Makama da Dutsen Dala su ma sun cancanci ranarsu daban. Ku yi La'asar ku kama hanya, ku isa gida da sauran haske, don tafiyar dare da yara a gajiye ba ta da daɗi, kuma a daidai fita ne, lokacin da kowa ya gaji ya saki jiki, aka fi yin sakaci. A ƙirga a tabarma, a ƙirga a ƙofa, a ƙirga bayan an rufe mota, da suna, kowa ya amsa da bakinsa. Ki ware 'yan kuɗin tsaraba tun da safe kada su narke a lilo, ko burodi ne da alewa, don waɗanda aka bari a gida da tsofaffi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.